Ƙirjin Aro

A gidan marigayi Malam Dawuda mai atamfa, nan unguwar Yelwa ta Garwa, har suna aka raɗa wa tarin Shu'aibu. Ciwon Litinin suke ce masa. Ranar Lahadi mutum zai wuni garau, ya yi wasa da 'ya'yansa, ya ci tuwo ya suɗe kwano. Litinin kuwa, da ya koma masaƙa ya dawo da la'asar, sai ka gan shi dafe da bangon zaure yana jan numfashi kamar wanda ya hawo tudu da buhu a ka. Kafin Laraba abin ya lafa. Saboda haka mutanen gidan suka mai da shi abin tsokana.

"Ciwon da ya san ranakun mako," in ji Alhaji Usmanu, babban wansu, wanda gidan yake hannunsa tun rasuwar mahaifinsu. "Ni ban taɓa ganin ciwo mai ilimi irin wannan ba. Da ma ka fito fili ka ce hutun ne bai ishe ka ba."

A yi dariya. Shu'aibu ma ya yi, gwargwadon yadda tarin ya bar shi. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa shi ne Jafaru, autansu, mai haya da babur a cikin gari, wanda kullum da safe shi ke kai Shu'aibu bakin ƙofar masaƙa kafin ya fara neman fasinja. Su biyun kama suke yi sosai, tsawo ɗaya, goshi ɗaya, har tsofaffin unguwa kan kira wannan da sunan wancan.

Shu'aibu a sashen shiɓar auduga yake, inda ma'aikata ke ce wa kardaj. Nan ake kwance ƙunshin auduga, injuna su yayyage ta su tsefe ta kafin a kai ta wurin kaɗi. Ƙurar audugar ba ta sauka. Ana raba musu ƙyallen toshe hanci, amma a zafin Garwa, cikin ɗakin da injuna ke huci, ba mai iya barinsa a fuska har a tashi aiki. Kullum Shu'aibu kan fito da farar gira da farin gemu, tsohon dole, matarsa Sa'adiya ta yi ta tsince masa auduga a ka tana mita.

Kada a ɗauka ba sa son sa a gidan. Suna son sa, irin son da ake yi wa rijiyar tsakar gida: kowa da gugarsa, ba mai leƙawa ya ga ko ruwan ya ja baya. Tun shekarar da aka karya darajar sefa, kayan da Alhaji ke ɗaukowa daga Yola suka gagare shi, shagonsa na babbar kasuwa ya koma dogaro da abu ɗaya. Masaƙar kan sayar wa ma'aikatanta atamfa mai tabo da araha duk ƙarshen wata, wadda rini ya zarce ko zare ya tsallake. Rabon Shu'aibu shi ne jarin Alhaji. Albashinsa shi ne hatsin gidan. Hatta madarar gwangwani da ake ba 'yan kardaj, wai ta wanke musu maƙogwaro, a ɗakin Inna, mahaifiyarsu, take sauka, ta raba wa jikoki a koko. Da Sa'adiya ta yi magana sau ɗaya, shi da kansa ya ce a bar yara su sha.

Ana cikin haka tarin ya daina sanin ranakun mako. Ya wuce Laraba, ya wuce Juma'a, ya zauna. Alhaji ya ce sanyin bakin kogin Binuwai ne. Inna ta ce majina ce ta daskare, ta dafa masa citta da kanumfari. Aka karɓo rubutu wurin malamin unguwa, ya sha. Sai dai ba wanda ya ce a je asibiti, domin kowa ya san abin da asibiti zai ce, kuma ba mai son ji.

Wata ranar Alhamis Shu'aibu ya dawo da labari. Wakilin ma'aikata, Zacharie, abokin aikinsa na shekara da shekaru a kardaj, ya tara su ya karanta musu sanarwa. Duk wanda ke sashen shiɓa sai ya je an ɗauki hoton ƙirjinsa a wani asibiti cikin gari. Kowa an ba shi 'yar takarda da sunansa, ya je ranar hutunsa.

A lokacin ba maganar da ake yi a Garwa sai ta rage ma'aikata. Ma'aikatu suna ta sallamar mutane, an zaftare albashin ma'aikatan gwamnati, kowa a tsorace yake. Alhaji na jin sanarwar ya ajiye cokalin da ke hannunsa.

"Shi ke nan, sun samo dabara," ya ce. "Ba za su ce sun kore ka ba, za su ce likita ne ya ce. Kai da kake wannan tarin, ai kai ne na farko a layi."

"In sun sallame ni, sun sallame ni, Yaya," Shu'aibu ya ce a hankali. "Ni kaina ina so in san abin da ke cikin ƙirjin nan. In abin ya ƙi, sai in koma Bibemi wurin surukaina in kama noma."

"Noma! Ka koma Bibemi ka bar Inna da wa? Ni da shagon da ba kaya? Ko Jafaru da baburin da rabin kwanakinsa a wurin makanike yake?"

Inna kuwa kuka kawai ta fara, irin mara sautin nan da ya fi faɗa ciwo. Shu'aibu ya sunkuyar da kai. Tunda yake bai taɓa iya kallon hawayenta ba, kowa a gidan kuwa ya san haka.

Alhaji ɗan kasuwa ne, jikan 'yan kasuwa, kuma da idon kasuwa yake kallon duniya. Ya sa aka miƙo masa turmin atamfa daga cikin na wannan watan, ya warware a gabansu, ya nuna inda shuɗi ya malala kan fari. Sannan ya ninke ta, ninki bisa ninki, har tabon ya shige ciki, fuskar turmin ta fito tas.

"Mu da muka gaji wannan," ya ce, "a ce an kama mu da tabo a waje? Mai saye ba ya ganin abin da ba a nuna masa ba. Takardar nan akwai hotonka a jiki? Babu. Mutanen asibitin sun san fuskarka? Ko sun sani, ga Jafaru nan."

Jafaru ya ɗago kai. Abin da zai dame shi daga baya shi ne, a wannan lokacin ba tsoro ya ji ba. Daɗi ya ji. Shi da kullum ake ce masa cima-zaune, yau ga ranar da gidan ke buƙatarsa.

"Wannan ai ƙaramin abu ne," ya ce. "Yaya Shu'aibu, kawo takardar."

Shu'aibu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zaro ta daga aljihu ya miƙa masa. Daga bakin madafa Sa'adiya ta ce, "Yaya Alhaji, a yi mini afuwa, amma in ba a ga ciwon ba, wa zai yi maganinsa?" Alhaji ya ce maganar maza ake yi.

Ranar Asabar Jafaru ya sa rigar wansa ya tafi. Asibitin cike yake da mutane, mai kiran suna ko ɗago kai ba ya yi. Da aka kira Shu'aibu Dawuda ya amsa da ƙarfi. Aka ce ya tuɓe riga, ya manna ƙirji da wani ƙarfe mai sanyi, ya ja numfashi ya riƙe. Ya ja har sai da haƙarƙarinsa suka buɗe. Mai ɗaukar hoton ya buga masa kafaɗa ya ce da Fulatanci wannan ƙirji ai na doki ne. Jafaru ya dawo gida yana ba da labari yana kwaikwayon mutumin, Inna ta sa masa albarka, Alhaji ya saya masa tsire.

Bayan 'yan makonni sakamako ya fito, ya zo da abin da ba wanda ya zata. Ba a kori kowa ba. Duk waɗanda aka ga tabo a huhunsu aka fitar da su daga kardaj, wasu aka mai da su ɗakin ajiya, wasu bakin ƙofa, wasu wurin ninke atamfa, albashinsu kuma bai motsa ba. Zacharie na cikinsu. Sai sashen shiɓa ya rasa hannu. Waɗanda aka ce lafiyarsu ƙalau aka ƙara musu sa'o'i, Shu'aibu kuma, da yake hotonsa ya fi na kowa kyau, aka mai da shi bakin injin farko, inda ake kwance ƙunshi, inda ƙura ta fi yawa.

Abin bai tsaya nan ba. Masaƙar na da 'yar jaridar ma'aikata, wadda ake liƙawa a bango duk wata, mai labarin wanda ya yi aure, wanda aka haifa wa, da ƙwallon da sashen rini ya ci sashen saƙa. A ta wannan watan sai ga hoton Shu'aibu, an ce a yi koyi da shi: shekara da shekaru a kardaj, ƙirji tas, saboda ba ya wasa da ƙyallen hancinsa. Alhaji ya sa aka samo masa guda, ya manna a shago yana nuna wa abokan ciniki.

Ranar da Jafaru ya ji labarin sauya wa masu tabon wurin aiki, a bakin ƙofar masaƙa ya ji shi, daga bakin Zacharie, wanda ya tsaya gaisawa da su.

"Jam na, Jafaru? Kai, ɗan'uwanka ya ba ni mamaki. Ni da shi muke tari tare, nasa ma ya fi nawa. Ni hoto ya kama ni, shi ya sake shi. Yanzu ina ɗakin ajiya, wallahi har barci nake yi a kwance kamar mutane." Ya juya ga Shu'aibu. "Kai wane malami ke yi maka aiki? Ka kai ni mana."

Shu'aibu ya yi murmushi ya shige ciki. Jafaru ya kasa tayar da babur. Sau uku yana taka shi ƙafarsa na zamewa.

Da yamma ya sami Alhaji a shago. "Yaya Alhaji, mun yi kuskure. Mu je mu faɗa musu gaskiya, a sake masa hoto."

"Ka je ka ce musu me? Ka ce ka shiga asibiti da sunan wani? Ka san sunan wannan a wurin hukuma? Kai za a rufe, shi a kore shi ko sisi babu. Da can korar zato ce, yanzu ta tabbata." Alhaji ya gyara zaman hularsa. "Kuma wa ya san gaibu? Ni alheri na nufa. Su da suka yi sanarwa, me ya hana su faɗi abin da za su yi da hoton? Laifinsu ne. Ka bari shekara ta zagayo, in an sake cewa a yi, sai ya je da kansa."

Jafaru ya je wurin Inna. Ta ce, "Ka rufa mana asiri, auta. Yayanku ya fi ku sanin duniya. Ciwo kuwa na Allah ne, ko a ɗakin ajiya yake, in an rubuto masa tari sai ya yi." Ta ƙara da cewa ai ƙarin sa'o'in ma alheri ne, ga azumi na tafe.

Kowa da hujjarsa, kuma kowace hujja in ka saurare ta ita kaɗai sai ka ce gaskiya ce. Jafaru ma ya samo tasa: shi yaro ne, sa shi aka yi. Ta riƙe shi kwana biyu, ta sake shi.

Domin shi ne mai kai Shu'aibu aiki. Sauran mutanen gidan tarin kawai suke ji ta bango, shi kuwa a bayansa yake ɗauke da shi kullum safiya. Da can wansa kan zauna a miƙe, hannu a gwiwa, suna tafe suna hira. Yanzu sai ya jingina da shi, ƙirjinsa manne da bayan Jafaru, kowane numfashi da ƙara a ciki kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace. Jafaru yana jin shigarsa, yana jin inda yake tsayawa bai kai ƙasa ba, yana jin fitarsa. Shi kuma nasa numfashin na shiga yana fita a banza, ba wahala, har kunyar sa yake ji. Ya kan rage gudu in sun kusa ƙofar, kamar hakan zai rage wani abu.

Shu'aibu ya daina cin tuwo da yawa, wai in ya ƙoshi numfashi ba ya samun wuri. Ya daina ɗaukar 'yarsa Aisatu. Sallah ta koma a zaune. Daga masallacin unguwa zuwa gida sai ya tsaya ya huta a dakalin mai shayi, yana yi kamar gaisawa ya tsaya yi. Alhaji ya daina tsokanar ciwon Litinin, amma bai sami wata magana ya sa a gurbinta ba, sai dai in ya ji tarin ya ƙara murɗa rediyonsa.

Sa'adiya ta daina yi wa Jafaru wasan da ke tsakanin mace da ƙanin miji. Tana gaishe shi, tana ajiye masa abinci, shi ke nan. Wata safiya yana goge babur a tsakar gida ta tsaya a kansa.

"Jafaru, tambaya zan yi maka. Da suka ce ka ja numfashi, ka ja da kyau?"

Ya ci gaba da goge babur, kansa a ƙasa.

"Na ji an ce har yaba maka aka yi. To madalla. Baban Aisatu jiya a zaune ya kwana, jingine da bango. Na ce bari in faɗa maka, tunda kai ne ƙirjinsa."

Ta wuce madafa. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ranar da abin ya ƙare, zafi ya sauko tun da sassafe, irin zafin bazarar Garwa da ko iska ta taso sai ka ce daga bakin murhu ta fito. Suka iso ƙofar masaƙa, ma'aikata na ta shiga. Jafaru ya tsaya yana jiran wansa ya sauka. Bai sauka ba. Hannayensa na riƙe da rigar Jafaru, kansa a kafaɗarsa.

"Yaya, mun iso."

"Na sani. Bari in... tara ƙarfi."

Jafaru ya waiga ya ga leɓunansa sun yi baƙi-baƙi. Bai sake neman shawarar kowa ba. Ya kutsa da babur ta ƙofar, mai gadi na yi masa ihu, bai tsaya ba sai bakin ɗakin shan magani na masaƙar. Madam Berthe, ma'aikaciyar jinyar da ta tsufa a wurin, ta fito ta kama Shu'aibu suka shigar da shi. Ta sa masa abin jin ƙirji, ta daɗe tana saurare, fuskarta na canzawa. Ta yi masa allura, ta jingina shi da matashi, sannan ta ja Jafaru waje. Hausarta ta kasuwa ce, amma ba ta ɓoye ma'ana.

"Wannan ƙirji ba shi ne na cikin hoto ba. Ni na ga hoto da idona. Ƙirjin wa aka kawo mini a hoton?"

"Nawa ne, Madam."

Ya zaci za ta yi masa faɗa. Sai ta zauna a kan benci.

"Ni na yi faɗa da manya kafin su yarda a yi hoton nan," ta ce. "Saboda irinsu na yi. Sunansa ne na farko a raina. Da hoto ya zo tas, na ce to, Berthe, kunnenki ya tsufa. Ɗana, me ya sa?"

Jafaru ya buɗe baki zai faɗi dalilan gidansu, sai ya ji ba ko ɗaya da zai iya furtawa a gaban matar nan.

Aka sake hoto, wannan karon da mai ƙirjin. Likita ya ce huhun ya riga ya lalace, abin da ya saura lallaɓawa ce. Ya ce da an fitar da shi daga ƙurar tun lokacin da aka fitar da sauran, da ya ja shekaru. Wannan maganar a gaban Jafaru ya yi ta, ba da wata manufa ba, yana rubuta magani.

Sai maganar haƙƙinsa ta taso. Madam Berthe da Zacharie suka zo har gida suka zauna a zaure suka warware musu ita. Ofishin da ke biyan wanda aiki ya nakasa ba zai yarda ciwon na aiki ba ne, tunda ga hoto tas na 'yan watannin baya. Ciwon da ya cinye huhu cikin ɗan lokaci haka, za su ce daga wani wuri ya ɗauko shi. Sai fa in an faɗi gaskiyar hoton farko. In kuwa aka faɗa, magana za ta kai ga hukuma, kuma wanda ya amsa sunan da ba nasa ba shi za a fara nema.

"A faɗa," Jafaru ya ce. "Ni na yarda. A rufe ni."

"Ka ji shi ko?" in ji Alhaji. "Shi ya ja mana wannan da shegen bakinsa, yanzu kuma yana so a ce ɗan Malam Dawuda na gidan yari."

Shu'aibu ya ɗaga hannu daga inda yake jingine. Aka yi shiru, domin yanzu maganarsa sai an jira ta, kalma-kalma take fitowa.

"Ba za a... faɗa ba. Ni na ba shi... takardar. Da hannuna." Ya huta. "Auta, ka bar shi. Na yafe."

Jafaru ya tashi ya fita. Ya tsaya a bayan gida yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya so a ce an kama shi, an doke shi, an yi masa wani abu da zai biya. Yafewar nan ta rufe masa wannan ƙofar, ta bar shi da abinsa.

Masaƙa ta sallami Shu'aibu a matsayin mara lafiya, da ɗan abin da ya samu. Ya koma zaman zaure, don ɗaki ya yi masa ƙunci. Jafaru ya rage fita haya, ya zauna yana yi masa fifita. Ba sa magana sosai. Wani lokaci Shu'aibu kan tambayi labarin gari, wa ya ci ƙwallo, ko ruwan Binuwai ya ja baya. Sau ɗaya ya ce da ma ya je Bibemin nan, ko damina ɗaya ce ya yi. Bai kai damina ba. Wata ranar Talata da hantsi, Jafaru na riƙe da shi a zaune, numfashin ya shiga ya ƙi fitowa.

Mutane suka cika gidan. 'Yan kasuwa, malamai, 'yan masaƙa da Zacharie a gabansu. Kowa ya zauna sai ya ce kwana ne ya ƙare, Alhaji ya amsa da cewa haka ne, wallahi ba irin maganin da ba a nema ba. Ya faɗa har sai da shi kansa ya yarda. Yana kuka kuwa, kukan gaske, domin ƙaninsa ne kuma yana son sa. Abin da ya fi ba mutum haushi ke nan a irin wannan gida: ba mugu ko ɗaya da za ka nuna da yatsa. Ba wanda ya doke shi, ba wanda ya zage shi. A hankali aka cinye shi, da bismilla, kowa na sa masa albarka.

Bayan sadakar uku, da baƙi suka ragu, Alhaji ya kira Jafaru ɗakin Inna. Tana zaune a kan tabarma da carbi, idanunta sun kumbura. Ta tagar ɗakin ana hango ƙofar Sa'adiya, labule a sake, tana takaba.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Na yi magana da wani babba a masaƙar da ya zo gaisuwa. Ashe suna da al'ada, in ma'aikaci ya rasu sukan ɗauki wani daga gidansa. Kardaj kuwa har yanzu hannu suke nema. Ka ga dai halin da ake ciki. Ga marayu, ga Inna, ga shago." Ya juyo ya dubi Jafaru. "Za su ce sai an yi maka hoton ƙirji. To kai me za ka ji tsoro? Ka riga ka ci wannan jarrabawar sau ɗaya."

Jafaru bai kalle shi ba. Inna ya kalla. Ita ta haife su duka, ita ta ga an fita da Shu'aibu a makara shekaranjiya. Kalma ɗaya yake jira daga bakinta, ya san kuma in ta faɗe ta, Alhaji ba zai sake tayar da maganar ba har abada.

Inna ta ja carbinta. Hawaye suka gangaro mata, ta sa bakin mayafi ta share. Jafaru ya fara sa rai.

"Sai dai ka riƙa sa ƙyallen hancin, auta," ta ce. "Kar ka yi wasa da shi."